Gajeren Tsinke a Hannun Maigandi

Maigandi ɗan Malam Siddiƙu na Ƙofar Rini ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga tafireta a ma'aikata guda, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa jin ya jera magana uku harshensa bai sarƙe ba. In'ina gare shi, mai tsanani. A gidan da ya fito wannan ba ƙaramar masifa ba ce, domin gida ne na masu baki: yayyensa biyu alƙalai, ƙanensa mai tafsiri. Shi kuwa ko sallama zai yi, sai an jira shi.

Kansa yana ja. A 1962 ya ci jarrabawa, aka kira shi intabiyu Kaduna don gurbin karatun lauya. Mutum uku ke bayan tebur. Na tsakiya ya tambaye shi me ya sa yake son karatun. Amsar tana cikin kansa, ya yi wata guda yana shirya ta. Ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale, ya yi ta dukansa da harshe har gumi ya jiƙa masa hula. Aka ce an gode, ya turo na bayansa. Da ya dawo Sakkwato bai ba kowa labari ba, ya shiga koyon tafireta.

Abin da aka san shi da shi a gari ya fara ne a 1971, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, guraben karatu suka yi yawa har wasu kan wuce ba mai nema, don kawai yaran makarantun nesa ba su ji labari ba. Maigandi ya kama akwati a gidan waya, ya buɗe abin da ya kira Zauren Muhawara ta Wasiƙa. Ɗaliban sakandare da na kwalejojin horon malamai daga Gusau, Argungu, Birnin Kebbi, Yawuri da Zuru suka riƙa aiko da suna. Kowane wata yakan tura musu takarda guda. A bayanta akwai sanarwar guraben karatu, da ranakun jarrabawa, da inda ake samun fom. A gabanta akwai batun muhawarar watan, da sunan kowa, da ɓangaren da ya faɗo masa. Yaro ya rubuto hujjarsa, Maigandi ya aika wa abokin karawarsa, wancan ya mayar da martani. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, amma sun san rubutun juna kamar yadda ake sanin tafiyar ɗan'uwa daga nesa.

Muhawara ce wadda ba a buɗe baki. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane dalilin da ya sa mai in'ina ya ƙirƙiro ta.

Dokar Zauren ɗaya ce mai ƙarfi: ba ka zaɓar ɓangarenka. Ranar Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, 'yan Zauren da ke cikin gari sukan taru a zauren gidan su Maigandi. Maigandi ya karyo tsinken tsintsiya biyu, dogo da gajere, ya dunƙule su a hannu. Dogo goyon baya, gajere adawa. Wanda ke nesa, wani ya ja a madadinsa, a rubuta a kundi, shaidu biyu su sa hannu. Maigandi yakan ce wanda bai iya kare abin da ya ƙi ba, bai san dalilin da ya sa yake son abin da yake so ba. Wannan maganar a rubuce take a bangon kundin, don da baki ba ta fita gaba ɗaya.

Akwai kuma wata al'ada da ba a rubuta ba. In ɗan Zaure zai nemi gurbi, Maigandi ne ke haɗa masa takardu. Ya zaɓi muhawarar yaron da ta fi kyau, ya sake buga ta fes a farar takarda, da sunan yaron a ƙasa, ya liƙa a fom. Shafin gaba, mai ɗauke da batu da sakamakon ƙuri'a, ba ya taɓa haɗawa. Dalili kuwa, a kan tsofaffin takardun ma'aikatarsu yake gurza shi, da injin gurza takardu na ma'aikata, da tawadar ma'aikata, ga tambarin gwamnati ɓaro-ɓaro a kusurwa. Ba kuma wanda ya yi wa Zauren rajista. Tun korar ma'aikata ta 1975, da Maigandi ya ji sunan shugaban sashensu cikin korarru a rediyo yana cikin cin tuwo, tsoron tambarin nan ya zauna masa a ciki. Duk da haka shekara bakwai dabarar tana ci. Yara ashirin da shida suka tafi Zariya, Ibadan, Alƙahira da Ingila da takardun da ya buga musu.

Filibus ɗan Malam Bitrus ya shiga Zauren yana aji uku. Ubansa hedimasta ne, mutumin ƙasar Zuru, ya yi gida a Runjin Sambo tun unguwar ba ta cika ba. An haifi Filibus a Sakkwato, Sakkwatanci ne a bakinsa, amma a Birnin Kebbi yake karatu, saboda haka shekara guda Maigandi bai san shi ba sai a takarda. Dijatu, matar Maigandi, ta ce ranar da wasiƙar yaron ta fara zuwa, mijinta ya karanta ta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, sannan ya shigo cikin gida ya karanta mata, ita da ba ta jin Turanci, kuma bai yi in'ina ko sau ɗaya ba.

Abin da Maigandi ya so ya faɗa a Kaduna, ga wani yaro yana zubo shi kamar ruwan famfo.

Ya so yaron, wannan ba shakka. Kan sarki shi ke saya masa. In an yi hutu Filibus yakan wuni a Ƙofar Rini, yana kwafe masa wasiƙu, Dijatu ta dama masa fura. A hutun ƙarshen 1977 ne Maigandi ya kawo maganar da ya daɗe yana taunawa. Ana neman akawuna a ma'aikatarsu, albashi ya yi kyau, har da bashin babur. In Filibus ya gama a watan Yuni, ya shigo, su riƙe Zauren tare, wata rana ya gaje shi.

Filibus yana shan fura. Ya yi dariya har ya ƙware.

“Haba Malam! In zamna ina gurzar takarda har hurhura ta hito min? Ai ni lauya za ni zama.”

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Ya ajiye ludayi.

“Ba haka nika nuhi ba, Malam.”

“Sha hurarka,” in ji Maigandi. Ya yi murmushi ma.

Asabar ta farkon Janairun 1978 aka ja ƙuri'a. Batun watan shi ne, soja ya fi farar hula iya riƙon ƙasa. A lokacin ba abin tsoro ba ne, sojojin da kansu sun yi alkawarin miƙa mulki, jaridu ma suna tattauna shi. Filibus ya koma makaranta, sai Jibrin, masinjan ma'aikatar su Maigandi wanda ke zuwa kallon ƙuri'a don nishaɗi, ya ja masa. Gajere ya fito. Adawa.

Abin da Filibus ya rubuto ya zagaya makarantu bakwai, yara suna kwafa da hannu. A ciki ya ce wanda ya saba a amsa masa da “to” ba ya iya jure “don me”. Ya ce bindiga tana tsare ƙofar gari, amma ba ta san farashin gero ba. Abin dariyar shi ne, Filibus ɗin nan soja yake so a zuciyarsa. Kawunsa kofur ne, hotonsa da kaki yana manne cikin akwatinsa na makaranta.

A watan Afrilu ɗaliban jami'o'i suka yi bore kan kuɗin abinci da na kwana, aka yi harbi, aka rasa rayuka, aka rufe makarantu. Daga nan duk takardar da ta fito daga hannun ɗalibi sai an shinshina ta. Kwamitin da ke tace masu neman gurbi ya sami sabon mutum a ƙarshen tebur, mai kaki, wanda ba ya tambaya, karatu kawai yake yi da jan biro.

A watan Mayu aka yi sanarwar gurbi biyu na karatun lauya a waje. Maigandi ya haɗa wa Filibus takardu. Muhawara goma sha huɗu yaron yake da su a fayil. Akwai ta noman gyaɗa da arzikin mai, akwai ta karatun 'ya'ya mata, akwai ta asibiti da maganin gida. Maigandi ya zaro ta Janairu. Ya buga ta fes, ba batu a sama, ba maganar tsinke, sai suna a ƙasa: Filibus Bitrus.

Dijatu ta ga lokacin da yake liƙawa. Ba ta yi boko ba, amma tana jin rediyo.

“Malam, wagga ba ita ce ta sojoji ba? Cikin wanga yanayi?”

“Ita ta hi kyau.”

Gaskiya ya faɗa, kuma nan matsalar take. Ita ta fi kyau. Da za a tara malaman Turanci goma, ita za su zaɓa. Mutum yana iya cutar da wani da gaskiya tsantsa, ya kwana lafiya, domin ko shi kansa ya tuhumi kansa yana da amsa.

Filibus ya zo na ɗaya a rubutacciyar jarrabawa. Ranar intabiyu ya shiga da kwat ɗin ubansa, bai fito ta ƙofar da ya shiga ba. Jami'an tsaro suka wuce da shi a mota. Tambayarsu biyu: wa ya sa shi, kuma su wa ke raba wannan takarda a makarantu? Ya ce muhawara ce, ƙuri'a aka ja. Suka ce ƙuri'ar me? Ya ce ta tsinken tsintsiya. Wanda ke tambayar ya yi dariya, sannan ya mare shi.

Kwana uku bayan haka Malam Bitrus ya jingine kekensa a ƙofar zauren Ƙofar Rini. Rana ta take, irin zafin Mayu da ko ƙadangare ke neman inuwa. Dattijo ne mai tsabta, biro uku a aljihu. Ya ƙi zama a kan buzu, ya tsuguna a bakin tabarma. Suka gaisa har ƙarshe, gida da aiki da zafi, kamar ba komai.

“Malam Maigandi, na ga shugaban kwamitin. Mutumin kirki ne, na koyar da ƙanensa. Ya ce in har akwai shaidar cewa wasan makaranta ne, a kawo ranar Litinin ƙarfe goma. Za su saki yaron, kuma ba za su cire sunansa ba. Ya ce akwai wani littafi?”

“A-akwai kundi.”

“Da sa hannun shaidu?”

Maigandi ya gyaɗa kai.

“To, alhamdu lillahi,” in ji Malam Bitrus, wanda zaman Sakkwato ya sa kalmar ta zauna a bakinsa. “Ka zo da shi, da takardar watan. Uwarsa ba ta ci abinci ba tun Laraba. Ni ban iya roƙo ba, Malam, aikina ba da umarni ne ga yara. Amma ga ni.”

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Maigandi ya kawar da kai.

“Ina z-zuwa, Hedimasta. In Allah ya so.”

Kowa ya san abin da ke cikin kundin. Rabinsa takardun ma'aikata ne masu tambari, an liƙa su wata bayan wata, shekara bakwai. Duk wanda ya buɗe shi a gaban mai jan biro ya miƙa wuyansa: satar kayan gwamnati, ƙungiya ba rajista, wasiƙu zuwa makarantu a shekarar bore. Kora ce mafi sauƙi. Maigandi yana da 'ya'ya biyar, kuma ba shi da wata sana'a sai yatsunsa.

Ranar Litinin ya yi wanka, ya sa farar riga, ya saka kundin a jakar fata, ya ɗaure a bayan keke. Dijatu ta ce har ya kai ƙofa ya dawo ya sha ruwa, ya sake fita. Ya je. Wannan ma ya kamata a faɗa, domin masu zaginsa daga baya sukan ce bai je ba. Jibrin ya raka shi, ya zauna a benci a baranda kusa da Malam Bitrus, kuma tagar a buɗe take saboda zafi.

Mutum huɗu ne bayan tebur. Shugaban ya yi masa maraba, ya nuna masa kujera. Mai kakin ya ɗago takardar Filibus da yatsa biyu.

“Kai ne Maigandi? Ka san wannan?”

“Ranka shi daɗe, na s-s-s...”

“Yaron ya ce wasa ne kuke yi da tsinke. Haka ne?”

Jakar tana kan cinyarsa. Ba a bukatar magana. Zare madauri ɗaya ne, a ɗora kundi a tebur, a buɗe shafin Janairu, ga sunan Filibus, ga kalmar adawa, ga sa hannun Jibrin da na wani ɗalibi. Mutumin da ya gina rayuwarsa kan cewa takarda ta fi baki, ranar nan baki ya zaɓa.

“W-w-w-wa...”

Jibrin ya ce ya san in'inar Maigandi shekara goma sha biyu. In ta kama shi, yakan runtse ido, ya buga ƙafa, jijiyar wuyansa ta tashi, yana yaƙi da ita. Ta ranar nan daban ce. Idonsa a buɗe, ƙafarsa a ƙasa, hannuwansa biyu a kan jaka. Ya sakar mata linzami kawai, tana tafiya da shi.

Shugaban ya yi ƙoƙari. “Malam, kwantar da hankalinka. An ce akwai littafi. Ka zo da shi?”

“L-l-l-li...”

Mai kakin ya duba agogo. Ya jira minti guda cur, Jibrin ya ce har ana jin kukan fanka. Sannan ya rufe fayil.

“Wannan ne malamin muhawarar?” Ya dubi sauran, suka yi 'yar dariya. “Ku sallame shi, kada ya haɗiye harshensa a ofishin mutane.”

Da Maigandi ya fito, Malam Bitrus ya miƙe. Bai dubi fuskarsa ba, jakar ya duba, madaurinta a ɗaure yadda ta shiga. Ya mayar da hularsa, ya ce, “Sannu da ƙoƙari, Malam,” ya tafi wajen kekensa.

Tsoro ne? Tsoro yana ciki, kuma shi ne bayanin da ya fi sauƙin yafewa, shi ya sa Maigandi ya riƙe shi har ya mutu. Amma tsoro bai zaɓi takardar Janairu daga cikin goma sha huɗu ba. Ranar da ya zaɓe ta ba wanda ya tsare shi da bindiga. Akwai mutumin da ke buɗe wa jama'a ƙofa shekara da shekaru, yana jin daɗin godiyarsu, muddin masu wucewa ba su tuna masa cewa shi a bakin ƙofar zai tsufa ba. Yara ashirin da shida sun wuce sun yi godiya. Na ashirin da bakwai ya yi dariya da fura a bakinsa.

Kwana goma sha ɗaya Filibus ya yi a hannu. Suka gaji suka sake shi, kunnensa na hagu ba ya ji sosai. An ba na biyu da na uku guraben. An kuma rubuta wani abu a fayil ɗinsa, wanda ba wanda ya taɓa nuna masa, amma duk inda ya nemi gurbi ko aiki daga baya sai a ce ya dawo wani mako.

Asabar ta farkon Yuli ya zo Ƙofar Rini. Mutum tara ne a zauren. Ya gaida kowa, ya durƙusa ya gaida Maigandi kamar kullum. Maigandi ya riga ya karyo tsinke.

“Malam, yau ni ka riƙo.”

Ba a taɓa yi ba. Maigandi ya miƙa masa. Filibus ya dunƙule tsinkayen, ya daidaita kawunansu, ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya motsa babban yatsa kaɗan, ɗaya ya ɗan turo kai gaba. Ya mayar da shi. Ya sake turo shi. Ya miƙa wa Jibrin hannu.

“Baba Jibrin, ja.”

Jibrin ya ja wanda ya fi kusa da shi, kamar yadda kowa ke yi. Gajere.

“Sake.”

Ya juya hannu a bayansa, ya miƙo. Jibrin ya ja. Gajere. Sau huɗu ana yi, gajeren ke fitowa.

“Ashe mai riƙo ya san komi,” in ji Filibus. A hankali ya faɗa, kamar mai karanta sakamakon jarrabawar wani. “Shekara uku ina cikin wanga Zaure, ban taɓa tambaya ba.”

“F-Filibus, wallahi ban...”

“A'a Malam, kada ka wahal da bakinka. Ka rubuto min.”

Ya ajiye tsinkayen a kan kundi, ya sa takalmansa, ya fita.

Ko Maigandi ya tura tsinken a watan Janairu, ba wanda ya sani. Jibrin ya ce shi dai ya ja abin da ya zo hannunsa. A Janairu batun bai zama haɗari ba tukuna, saboda haka mai yiwuwa ba abin da ya nufa sai ya ga yaronsa ya yi abin da ya fi wuya. Mai yiwuwa kuma tun ranar furar yake jiran wani abu da shi kansa bai san sunansa ba.

Zauren bai mutu nan take ba. Labari ya bi makarantu ta hanyar da hujjoji ke bi, wasiƙu suka ragu, masu zuwa ƙuri'a suka koma huɗu, suka koma biyu. Sanarwar gurabe kuwa ba wanda ya ƙi karɓa. A 1984, da soja suka dawo da sababbin dokoki, Maigandi ya mayar da mabuɗin akwati gidan waya da kansa. Ba a taɓa tuhumarsa da komai ba. Ya yi ritaya da takardar yabo.

Filibus ya sami koyarwa a wata firamare ta wajen Illela, can bakin iyaka, inda ba a duba fayil. An ce malami ne mai kyau, mai shiru, kuma ba ya yarda a yi muhawara a ajinsa.

Maigandi bai rubuta masa bayanin ba. Dijatu ta ce ya sha sa takarda a tafireta ya buga sunan yaron, ya zauna, ya zare. Abin da ya riƙa yi shi ne, duk shekara in fom ɗin karatun lauya ya fito, sai ya saya, ya cike da tafireta, ya bar wurin sa hannu, ya aika Illela. A ƙa'ida ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara ashirin da biyar. Filibus ya wuce su a 1984. Maigandi ya ci gaba da aikawa har 1996, shekarar da ya rasu, kuma a kowane fom, wurin da aka ce a liƙa samfurin rubutun mai nema, muhawarar noman gyaɗa yake liƙawa.